Tiyo Na Bakwai

Ƙanwar mijina Rahinatou ta yi karatu har Faransa, ta dawo da takardar dokta, amma ko ciwon kai ba ta iya warkarwa. Laka ta karanta. Haka nake faɗa wa duk wanda ya tambaye ni a Zangon Sokodé, a gabanta ma, ita kuma sai ta ce, "Amariya, ke dai ki ji da ƙanƙararki." Shekarata goma sha bakwai a gidansu, furfura ta fara leƙo mini, amma Amariya take kirana, ni kuma in ce mata Dokta. Sunana Shetu. Ƙanƙara da zoɓo nake sayarwa a ƙofar gida. Mijina Issifou direban bashe ne, motar nan mai rumfar tamfol a baya, yana jigila tsakanin Sotouboua da Dapaong.

Ga aikinta yadda na fahimce shi da kunne ɗaya ina tuƙa tuwo. Duk damina ruwa yana kwantar da laka a gindin tafki, ta bana a kan ta bara, ta bara a kan ta bara waccan, haka har can ƙasa. Wanda ya zaro lakar a jere ba ta cakuɗe ba, zai iya faɗin lokacin da ƙasa take da ruwa da lokacin da ta bushe. Ta ce arewar nan tamu da muke gani fayau, a da ruwa ne da kurmi, har da dorina. So take ta san yaushe ruwan ya tafi, kuma a hankali ya janye ko farat ɗaya. Na ce to in kin sani zai dawo ne? Ta ce a'a, amma za mu san ko ragowar ma tafiya zai yi. Shekara goma sha huɗu tana bin wannan tambaya, ba aure, ba gida sai ɗakin haya a Lomé. Ta haƙa wuri ya fi ashirin. Wani gara ta riga ta dama shi, wani ambaliya ta wanke, wani kuma kamu biyu sai dutse.

A ranin 1992 ta samu wani tsohon tafki a yammacin Dapaong. Issifou ya ɗauki kayan aikin, ni kuma aka tafi da ni girki, don Dokta ko ruwan zafi ta ɗora sai ya ƙone. Wani tsoho ɗan ƙabilar Moba mai kula da tafkin ya ce ba a huda shi sai an ba da farin zakara. Rahinatou ta buɗe baki za ta fara bayanin boko, Issifou ya taka mata ƙafa, ya je ya nemo zakaran.

Kwana goma sha ɗaya muka yi. Maza shida suna buga ƙarfe, ana tura tiyon roba mai kaurin damtse, tsawon mita guda, a zaro shi cike da laka. Ita kuma ta toshe bakinsa biyu, ta rubuta lamba, ta zana kibiya mai nuna sama. Na ɗaya, na biyu, har na shida, duk jar laka ce, fuskar Dokta a murtuke, abincina ma sai tsakura take. Issifou yana cikin masu ja, tafin hannunsa duk ya saɓule.

Ranar da na bakwai ya fito, ta juya gindinsa ta leƙa, ta lakato da farce, ta sansana. Sai ta kurma ihu. Ta jefar da malafa, ta rungume tiyon, ta shiga taka rawa cikin taɓo, mace mai shekara talatin da takwas da digiri uku. Mutanen Moba suka tsaya suna tafa mata. Issifou ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Kin gani? Wannan ne abin. Shekara sha huɗu, ga shi a hannunta."

Sauran biyun da suka fito bayansa, na takwas da na tara, shiru ta karɓe su, ta naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu ba ta ce uffan ba. Muka ce gajiya ce. Wata huɗu bayan tafiyarmu katafila suka shiga tafkin, suka yashe shi har dutse, aka yi madatsar ruwa. Abin da ke cikin tiyo taran nan shi ke nan a duniya, babu inda za a koma a ɗebo wani.

A ƙarshen shekarar ƙasa ta shiga yajin aiki baki ɗaya. Jami'a ta rufe, famfo ya ƙafe, wutar lantarki ta zama sai ta ga dama. Da harbi ya yi yawa a Lomé cikin watan Janairu, mutane suka yi ta gudowa da katifu da tukwane a ka. Rahinatou ta iso Sokodé da kayan jikinta da tiyo tara. Akwatin tufafinta ta bari a can.

Ko ruwa ba ta sha ba ta buɗe firigona, firjin nan irin mai kwanciya kamar akwati, ta kwashe ƙanƙarata tas, ta jera tiyonta. Ta kuma rage sanyin, wai in lakar ta daskare ta lalace, in ta bushe ma ta lalace. Na yi masifa ta kwana uku, maƙwabta sun sha labari.

"Mutane na gudowa da 'ya'ya da gwal," na ce da Issifou, "ƙanwarka ta gudo da taɓo, ta kashe mini sana'a."

"Yi haƙuri, Shetu. Wata ɗaya ne. Labo ɗin Faransa, masu ɗakin bincike, sun rubuto, za su auna mata shekarun lakar in ta kai Ouagadougou kafin ƙarshen Maris. Ina samun esansi, man mota, in hanya ta lafa zan kai ta da kaina."

"In ba a kai ba fa?"

"In ba a kai ba, Rahina ta tashi a tutar babu. Ki bar faɗa da ita."

Na bari, amma ban daina tsokana ba. Duk safiya sai na tambaye ta ko 'ya'yanta tara sun kwana lafiya, ta ce lafiya lau, suna gaishe da gwaggonsu mai baƙin ciki.

Hanya ba ta lafa ba. Aka fara tare tituna da tayoyi da gungume, aka fara shiga gidaje neman makamai. Masu bindigar wasu da kaki, wasu da kayan gida, ba ka sanin na wa ne sai sun gama da kai. A wani gida can ƙasan layinmu bututun famfo suka gani a ƙarƙashin gado, suka tafi da maigidan, ya dawo ba ya iya miƙewa. Mu kuwa muna da tiyo tara masu lamba da kibiya, a ɓoye cikin firigo.

Wata Talata da safe Issifou ya samu mai, zai je Sotouboua ɗauko doya. Kwana huɗu ke nan babu wuta, Rahinatou ta hana kowa ɗaga murfin firigon don kada ɗan sanyin da ya rage ya fice. Tana can layin rijiyar masallaci da bokiti. Issifou ya ɗaga murfin da sauri, ya zaro tiyo ɗaya, ya naɗe shi cikin jiƙaƙƙen buhu, ya tura ƙarƙashin gadona bayan kwanukan aure.

"Na bakwai ne. In suka zo suka fasa sauran, wannan ya tsira. Duk abin da zai faru, kada ki fito da shi sai hanya ta buɗe."

"Ba za ka faɗa mata ba?"

"A'a. In suka tsare ta da tambaya za ta faɗi. Rahina ba ta iya ƙarya ba, tun tana ƙarama. Ke kuwa kin iya."

Na jefe shi da murfin kwano, ya kauce yana dariya, ya fita. Maganarsa ta ƙarshe gare ni ke nan.

Washegari da hantsi wani direba abokinsa ya kawo shi a bayan mota, an rufe shi da tamfol ɗin bashensa. A wani shinge kusa da Sotouboua aka harbe shi. Wasu sun ce bai tsaya da wuri ba, wasu sun ce ya tsaya. Har yau ban san ko su wane ne ba, kuma na daina tambaya, don kowane ɓangare ya ce ɗayan ne. Ban yi ihu ba. Mata suka kai ni ɗaki suka zaunar da ni a bakin gado, daidai saman kwanukan.

Masu bindiga sun riga sun cika bakin Zango. Suka aiko cewa duk wanda aka gani da makara ko taro bayan azahar, kansa ya jawo wa. Aka yi masa wanka da ruwan da Rahinatou ta ɗebo jiya, aka ɗinka likkafani. Ƙofar ɗakina a buɗe take, ina ganin tsakar gida.

Baba Alidu ya shigo. Ƙanin mahaifinsu ne, shi ke haƙa kabari a Zango tun kafin a kawo ni. Ya tsuguna a gindin mangwaro ya dafe kai.

"An gama haƙa. Itace ma akwai. Laka ce babu."

Duk ɗan Zango ya san abin da yake nufi. In an kwantar da mamaci cikin ɗan kabari, ana jera itace a kai, sai a bi kafofin da kwaɓaɓɓiyar laka a toshe su ruf, kafin a mayar da ƙasa, don kada ta zubo a kan likkafani. Ƙasar maƙabartarmu tsakuwa ce da marmara, ko an jiƙa ta ba ta kama jikinta. Daga bakin rafi Baba Alidu yake ɗebo laka, su kuwa masu bindiga a kan hanyar rafin suka kafa shingensu. Wani ya ce a fasa tsohuwar katangar bayan masallaci. Baba Alidu ya ce wannan sai ta kwana cikin ruwa kafin ta kwaɓu, ina ruwan, ina kwanan?

"Shekara arba'in ban taɓa zuba wa Musulmi tsakuwa a fuska ba," ya ce. "Yau zan fara da ɗan wana."

Rahinatou tana tsaye jikin bango tun da aka shigo da gawar, ba ta zauna ba, ba ta yi kuka ba. Sai na ga ta shiga zaure inda firigon yake. Ta fito da tiyo biyu a kafaɗa, ta ajiye gaban tsohon, ta koma.

"Amariya, ara mini daronki da taɓarya," ta ce.

Ta cire murfin na ɗaya, ta sa taɓarya ta tura. Lakar ta fito santal, a jiƙe, da layi-layi a jikinta, ta faɗa cikin daron da nake jiƙa zoɓo. Baba Alidu ya murza ta tsakanin yatsunsa, ya ɗago ya dube ta.

"'Yata, wannan ba ita ce aikinki ba?"

"Laka ce, Baba. Za ta yi?"

"Ko ta rafi ba ta kai ta danƙo ba."

Matar da ta hana ni ko jingina tsintsiya a jikin tiyon nan, ita ce ta durƙusa ta sa hannu biyu tana cakuɗa su. Na biyu, na uku, har na shida. Sai ta koma zaure, ta jima, ta fito da biyu kawai. Ta duba lambobin. Ta zo ta tsaya a ƙofata.

"Amariya, ina na bakwai?"

Yana bayan dugadugaina, har kamar ina jin sanyin buhun a fatata. Abin da ya zo mini a rai ba ɓoyayye ba ne, zan faɗe shi yadda yake. Na ce mutumin nan abu ɗaya ya roƙe ni kafin ya fita, ban kuma samu damar yi masa komai ba bayan nan. Na tuna tafin hannunsa da ya saɓule a Dapaong. Na ce an kashe shi, ba za a haɗa da wahalarsa da ta ƙanwarsa a binne rana ɗaya ba. Takwas ai sun isa. In an share makoki zan miƙa wa Dokta abinta, ta san yayanta bai bar ta hannu wofi ba. Har wani ɗan daɗi na ji cikin baƙin cikin, na wanda ya san abin da kowa bai sani ba.

"Ban sani ba," na ce.

Ta dube ni, ta dubi matan da ke kewaye da ni.

"'Yata, rana na tafiya," in ji Baba Alidu.

Ta koma ta tura na tara, sannan ta ɗauki na takwas. Wannan ba a daro ta tura shi ba, a kan tafin hannunta da cinyarta ta tare shi. Baƙi ne wuluk, da ƙananan bawon katantanwa farare kamar an barbaɗa riɗi, warin rafi ya cika tsakar gidan. Ta tsura masa ido tana bin sa da yatsa daga wannan kai zuwa wancan, leɓenta na motsi. A nan ne hawaye ya zo mata. Sai ta karya shi uku, ta jefa cikin jar lakar, ta danna da dunƙulen hannu har baƙin ya ɓace.

Baba Alidu ya ɗaga daron ya auna nauyinsa, ya karkata kai.

"Da ƙyar," ya ce. "Allah ya sa ta kai."

Aka yi masa salla a ƙofar gida, mutum goma sha ɗaya. Suka ɗauki makara da daro suka tafi da sassarfa. Mata ba sa zuwa maƙabarta, don haka muka zauna. Rahinatou ta tattara tiyo takwas ɗin da babu komai ciki, ta jera su jikin bango bisa lamba, da gurbi ɗaya a tsakani.

Ana kiran azahar suka dawo. Baba Alidu ya shigo da daron a kife, hannun rigarsa ɗaya babu. Ya zo ƙofata yi mini gaisuwa, Rahinatou na gefe. Ita ta tambaye shi.

"Ta kai, Baba?"

Ya shiga kankare lakar da ta bushe a farcensa.

"Daga kai muka faro, fuskarsa a rufe take ruf, alhamdu lillahi. Wajen ƙafa ne ta ƙare. Kamar tafin hannu biyu. Na cusa ganye, na yage hannun rigata na ƙara. Da aka fara mayar da ƙasa dai na ji tsakuwa tana zurarewa ciki." Ya share fuska. "Allah ya ga niyyarmu."

Matan suka ce amin. Ni ma na ce amin. Daga ranar, ko shinkafa aka zuba a faranti sai na ji ƙarar nan da ban ji da kunnena ba. Abin da nake rarrashin kaina da shi ɗaya ne, cewa ba a banza na yi ba.

Ranar sadakar uku, da la'asar bayan mutane sun watse, na kira Rahinatou ɗaki na tura ƙofa. Na durƙusa na jawo buhun daga bayan kwanuka. Kullum ina yayyafa masa ruwa daga butar alwalata, bai bushe ba.

"Ga abinki, Dokta. Yayanki ne ya ɓoye shi ranar da zai fita. Ya ce duk abin da zai faru kada in fito da shi."

Ta warware buhun. Ta ga lambar, ta ga kibiyarta. Ta zauna a ƙasa daɓas.

"Yana nan ranar?"

"Yana nan."

"Don me na bakwai?"

"Shi kika yi wa rawa. Muna gani, ni da shi."

Ta rufe ido. Da ni ce ita, da na shara ƙarya, na rungume matar yayana na ce kin ceci rayuwata, in bar maganar a nan har abada. Amma Issifou ya san ƙanwarsa.

Ta juya gindin tiyon ta cire murfin, ta nuna mini. A can ƙarshe akwai ɗan baƙi, kaurinsa bai kai farce ba.

"Kin ga wannan? Shi na gani na yi rawa. Ya nuna mini lakar tafkin ta fara, tana ƙasa da shi. Albishir kawai ya kawo, Amariya. Shekarun ruwan, da yadda ya ƙafe, da katantanwar da za a auna, duka suna cikin na takwas."

"Baƙin nan da kika karya?"

"Shi."

"To wannan fa? Ba abin da za a karanta ciki?"

"Jar laka ce, irin ta sauran shidan."

Na taɓa bakin tiyon. Lakar ta kama yatsana, mai laushi, mai danƙo. Ban so in tambaya ba, bakina ne ya riga ni.

"Da ya isa?"

Ta dubi tsawonsa, ta buɗe tafin hannunta biyu ta haɗa su, ta sake duban tiyon. Aikinta ke nan, auna ƙasa da ido.

"Da ya isa," ta ce. "Har ya yi saura."

Hanya ta buɗe cikin watan Agusta. Rahinatou ba ta je Ouagadougou ba, ba ta da abin kaiwa. Tana koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Dapaong yanzu, ba nisa da madatsar ruwan. Ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba, har yau Amariya take ce mini. Da za ta tafi na ce ta ɗauki tiyon, ta ce nawa ne. Na roƙi Baba Alidu ya kai shi maƙabarta, ya ce kabarin da aka rufe ba a buɗe shi don laka.

Yana nan ƙarƙashin gadona bayan kwanuka. Na daina yayyafa masa ruwa tuntuni, ya bushe, in na ja shi wajen shara ina jin lakar tana kwaramniya a ciki.